Giwa na ɗaukar ciki wata 22, doka na sauyawa a dare ɗaya

Ina koyar da ilimin halittu a makarantar sakandare, kuma duk shekara idan muka iso babin dabbobin da ke gab da ƙarewa, akwai wani lissafi da nake sa ɗalibaina su yi a kan allo. Giwa tana ɗaukar ciki na wata 22. Ɗa ɗaya take haifa. Sai ta yi shekara huɗu ko biyar kafin ta sake haihuwa, 'yarta kuma ba za ta yi haihuwar fari ba sai ta kai shekara 12 zuwa 14. Garken da babu mai taɓa shi, ga ruwa ga ciyawa, da ƙyar yake ƙaruwa da kashi 5 cikin 100 a shekara. Sai in ce da su: to, an kashe rabin garke, shekara nawa zai ɗauka kafin ya koma yadda yake? Su buga su buga, amsa ta fito wajen shekara 14, in babu fari, in kuma ba a sake harbin ko ɗaya ba.

A bara wata yarinya ta ɗaga hannu bayan mun gama, ta ce: "Malam, ba akwai dokar da ta hana kashe su ba?" Na ce mata akwai. Amma amsar ba ta gamsar da ni ba, na koma gida tana yi mini yawo a kai. Dokar akwai ta. Abin da ban faɗa mata ba shi ne, dokar da ke kare dabba a bana ba lallai ba ne ita ce ke kare ta baɗi, kuma dabbar ba ta da hanyar hanzarta haihuwa don ta cike giɓin da sauyin ya bari.

Labarin da ya fi nuna mini wannan ya faru ne a jihar Wisconsin ta Amurka. A farkon Janairun 2021 gwamnatin tarayyar ƙasar ta cire kyarkeci daga jerin dabbobin da dokarta ke karewa, a kan hujjar cewa ya farfaɗo. Jihar tana da tata dokar da ta ce da zarar an cire shi, wajibi ne a buɗe lokacin farauta. Hukumomin jihar sun so a jira har kaka, wasu mafarauta suka kai ƙara, alƙali ya ce a buɗe nan take. Aka buɗe a ƙarshen Fabrairu, daidai lokacin da kyarketai ke barbara, wasu matan ma da ciki. An yanka wa mafarauta masu lasisin jiha kyarkeci 119. Kafin a cika kwana uku sun kashe 218, yawanci da taimakon karnukan farauta, aka rufe farautar da gaggawa. Kyarketan jihar gaba ɗaya a lokacin ba su wuce 1,000 da 'yan kai ba. 'Yan asalin yankin na ƙabilar Ojibwe, waɗanda aka ware wa nasu kason, ba su kashe ko ɗaya ba, domin su ɗan'uwa suka ɗauki kyarkeci.

A Fabrairun 2022 wani alƙalin tarayya ya soke cirewar, kariya ta dawo a mafi yawan jihohi. A takarda, an koma gidan jiya. A daji kuwa, garken da aka kashe wa uwa mai ciki bai koma ko'ina ba. Wannan ne abin da nake so ɗalibata ta gane: sassauci yana aiki cikin kwanaki, tsanantawa kuma sai an yi shekaru kafin a ga amfaninta.

Kada a ɗauka ina cewa duk dabbar da ta shiga jerin kariya ta zauna ke nan har abada. Dokar da ba ta taɓa sallamar kowa ba, ba a ga nasararta ba. Gaggafar nan mai farin kai da ke tambarin Amurka ta sauka zuwa ma'aurata 417 kacal a jihohi 48 a 1963. Maganin ƙwari na DDT ne ya shiga ruwa, ya shiga kifi, ya shiga jikinta, ɓawon ƙwanta ya yi laushi har yana fashewa a ƙarƙashinta idan ta zo kwanci. Aka hana amfani da DDT a gona a 1972, aka kafa dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa a 1973, Shugaba Nixon ya sa mata hannu. A 2007 aka cire gaggafar daga jerin, ma'auratanta sun kusan 10,000. Wannan cirewa ce ta gaskiya: an kawar da abin da ke kashe ta, an ƙirga, an jira shekara 35, kuma akwai wata dokar ta daban da ta ci gaba da hana harbinta. Ba ta faɗa hannun mafarauta washegari ba. Bambancinta da labarin kyarkeci shi ne abin da aka tanada wa ranar da ke bin cirewar.

Akwai wani irin sauyi da ya fi wannan tayar mini da hankali, domin ba ya zuwa da ƙarar bindiga, kuma jaridu ba su cika ba shi babban shafi ba. Shi ne sauya ma'anar kalma.

Dokar Amurka ta 1973 ta haramta abubuwa da dama a kan dabbar da ke jerin: farautarta, harbinta, ji mata rauni, kama ta da tarko, da kuma cutar da ita. Wannan ta ƙarshe, cutarwa, ita ce aka daɗe ana ja-in-ja a kanta. Hukumar kula da namun daji ta fassara ta da cewa ta haɗa da lalata muhallin dabba har ta kai ga mutuwa ko rauni, ko da mutum bai taɓa jikinta ba. Masu sana'ar katako a arewa maso yammacin ƙasar, waɗanda aka taƙaita wa sare tsofaffin dazuzzuka saboda wata mujiya mai ɗigo-ɗigo da ke sheƙa a cikinsu, suka kai ƙara. A 1995 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, alƙalai 6 a kan 3, cewa fassarar hukumar ta tsaya. Shekara 30 bayan haka, a Afrilun 2025, hukumomin da kansu suka fito da shawarar soke wannan fassara.

Na daɗe ina neman yadda zan bayyana wa yara nauyin wannan kalma, sai na ga ai abin a fili yake. Ka ce da mutum ba za ka taɓa lafiyarsa ba, amma ka rushe ɗakinsa, ka cike rijiyarsa, ka ƙone rumbunsa. Ba ka doke shi ba, gaskiya ne. Shin zai kai baɗi? Yawancin dabbobin da ke ƙarewa a duniya yau, rashin wurin zama ne ke cinye su fiye da harsashi: daji ya zama gona, fadama ta zama unguwa, kogi an datse shi, hanyar da garke ke bi tun kaka da kakanni an ja mata waya. Dokar da ta hana harbin mujiya amma ta bari a sare bishiyar da take sheƙa, sunan kariya kawai ta riƙe. Mujiyar za ta tashi lafiya lau ranar da aka kayar da bishiyar, babu gawar da za a nuna wa alƙali, sai dai baɗi ba za a ji kukan 'ya'yanta ba.

Haka kuma a 2019 aka gyara ƙa'idojin aiwatar da wannan doka ta Amurka, aka janye kariyar kai tsaye da ake bai wa dabbobin da aka sa a mataki na biyu, wato waɗanda ba su kai gargara ba amma sun doshi can. A 2024 wata gwamnatin ta maido da ita. Majalisa ba ta taɓa ko harafi ɗaya na ainihin dokar ba a duk wannan kai-komo, ƙa'idojin ƙarƙashinta ne ake ta juyawa kamar waina. Ina tunanin ma'aikacin da aka ɗora wa tsara yadda wani tsuntsu zai farfaɗo cikin shekara 40, alhali ƙa'idar da yake aiki da ita tana sauyawa duk shekara huɗu. Ina kuma tunanin mai gonar da dabbar ke zaune a filinsa. Idan ya san cewa kariyar bana tana iya faɗuwa bayan zaɓe, me zai sa ya kashe kuɗinsa wajen gyara mata wuri? Jira zai yi. Wanda ke da niyyar ɓarna ma jira zai yi, da gatarinsa a washe.

Bari in koma ga giwa, domin a kanta ne na fi karatu, kuma labarinta ya fi kowane nuna yadda kasuwa ke sauraron doka da kunne biyu.

Yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido a kan cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, an sa mata hannu a birnin Washington a 1973, ta fara aiki a 1975, yau ƙasashe sama da 180 ne a cikinta. A ƙarƙashinta an ci gaba da cinikin hauren giwa da takardun izini har ƙarshen shekarun 1980. A cikin shekara goma, daga 1979 zuwa 1989, giwayen Afirka suka ragu daga kimanin miliyan 1.3 zuwa kimanin 600,000. Takardar izini ta zama rigar da hauren sata ke sawa ya shiga kasuwa. A Yulin 1989 Shugaban Kenya Daniel arap Moi ya cinna wa tarin haure tan 12 wuta a gaban 'yan jarida, a ƙarshen shekarar kuma ƙasashen yarjejeniyar suka haramta cinikin haure tsakanin ƙasashe. Farashi ya faɗi, kashe-kashe ya lafa a wurare da yawa, garkuna suka fara numfashi.

Daga baya ƙasashen kudancin Afirka, waɗanda giwayensu ke da yawa kuma rumbunansu cike da hauren giwayen da suka mutu da kansu ko aka rage, suka nemi a bar su su sayar, su sa kuɗin a aikin gandun daji. Hujjarsu ba ta banza ba ce. Aka yarda da sayarwa ta sau ɗaya a 1997, aka yi ta a 1999: Botswana, Namibiya da Zimbabuwe suka sayar wa Japan kimanin tan 50. Aka sake wata "sau ɗaya" a 2008, da Afirka ta Kudu a ciki, sama da tan 100 zuwa Sin da Japan. Shekarun da suka biyo baya su ne mafi muni tun bayan haramcin. Babbar ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a ƙasashe 18 ta nuna giwayen sarari sun ragu da kashi 30 cikin 100 tsakanin 2007 da 2014, kimanin giwa 144,000. Tanzaniya kaɗai ta rasa wajen kashi 60 cikin 100 na nata cikin shekara biyar.

Masana sun rabu a kan ko sayarwar 2008 ce ta haddasa wannan, ko kuwa bunƙasar arziki a Asiya ce da ma za ta ta da buƙatar haure ko an sayar ko ba a sayar ba. Ni a ganina abubuwan biyu sun haɗu, kuma na biyun bai wanke na farkon ba. Da aka buɗe shagunan haure masu lasisi, mai saye ya daina jin kunya, jami'in kwastan kuma ba shi da hanyar bambance abin wuyan da aka sassaƙa daga hauren rumbun gwamnati da wanda aka ciro jiya daga fuskar giwa da gatari. Giwayen da suka biya wannan farashi ba ma na ƙasashen da suka sayar ba ne galibi, na Tanzaniya ne, da Mozambik, da dazuzzukan tsakiyar Afirka, inda masu gadin daji ba su da yawa kuma ba su da kayan aiki. An sassauta doka don amfanin wata ƙasa, ɓarnar ta sauka a wata. Sin ta rufe kasuwar haurenta ta cikin gida a ƙarshen 2017.

Abin da lissafin allo ba ya nunawa shi ne wace giwa ake kashewa. Mai neman haure babba yake nema, saboda haka tsofaffi yake fara kayarwa, toraye da manyan uwaye. Garken giwa kuwa tsohuwar uwa ce ke jagorantarsa, ita ta san inda ruwa yake a shekarar fari, ita ta san hanyar da za a kauce wa mutane. Idan ta faɗi, ilimin shekara 50 ya tafi da ita, kuma babu dokar da za ta maido da shi.

Ungulu ta koya mini wani darasin, a gajarce. A Indiya da maƙwabtanta, daga shekarun 1990, ungulaye suka riƙa faɗuwa matattu har wani jinsinsu ya ragu da sama da kashi 99 cikin 100. Ba a harbe su ba. Maganin ciwo ne mai suna diklofenak da ake yi wa shanu allurarsa, ungulu ta ci mushen, ƙodarta ta lalace. Aka haramta na dabbobi a 2006. Amma manyan kwalaben da aka yi don mutane suna nan a kantunan magani, makiyaya suka ci gaba da saye suna yi wa shanu. Sai a 2015 Indiya ta toshe wannan kafa ta hana manyan kwalaben. Shekara tara ke nan ana da doka, ana kuma mutuwa, ga tsuntsun da ƙwai ɗaya tak yake sakawa a shekara.

To, akwai wani ɓangare da ba zan tsallake ba, domin idan na tsallake shi na yi wa gaskiya rowa. Ni da nake rubutu a kan tebur, giwa ba ta taɓa shiga gonata ta cinye abincin shekara a dare ɗaya ba. Kyarkeci bai taɓa kashe mini tumaki ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Botswana, wadda ta fi kowace ƙasa yawan giwaye, kimanin 130,000, ta hana farautar manyan dabbobi a 2014, ta kuma ɗage hanin a 2019 bayan koke-koken mutanen karkara da ke zaune da su. Turai ma ta sassauta matsayin kyarkeci daga kariya mai tsanani zuwa kariya ta gama-gari, shawarar da aka yanke a ƙarshen 2024 ta fara aiki a 2025, bayan ya yawaita kuma makiyaya sun matsa lamba. Ba na ganin waɗannan makiyaya da manoma a matsayin abokan gaba. Dokar da ta ɗora wa talaka dukkan asara, ta bar wa na nesa jin daɗin kallon hoto, guba da tarko za su ba ta amsa a ɓoye, kuma ba za a taɓa ƙirga waɗannan gawawwakin ba.

Shi ya sa sauyin da ya fi burge ni shi ne na Namibiya a 1996. Maimakon ƙara tsanani ko sakin linzami, sai aka sauya wanda ke da haƙƙi. Aka bai wa al'ummomin karkara damar kafa yankunan kiyaye namun daji na kansu, su tsara iyaka, su ɗauki masu gadi daga cikinsu, kuɗin yawon buɗe ido da na farautar da aka ƙayyade ya shiga aljihunsu. Yanzu irin waɗannan yankuna sun haura 80, kuma baƙin karkanda yana yawo a filin da ba shinge. Tsarin yana da nasa matsalolin, wasu yankunan ba su samun abin kirki, fari ma ya buge su. Amma ya dawwama kusan shekara 30 bai sauya da sauyin gwamnati ba, mutumin da ya bar giwa ta sha a rijiyar garinsu yana da dalilin yarda cewa baɗi ma amfanin zai zo.

Saboda haka yanzu idan na ji an ce an gyara dokar namun daji a wata ƙasa, ba na tsayawa ga kalmar "an tsananta" ko "an sassauta". Ina neman sanin ko an ƙirga dabbobin kafin a yanke shawara, da wanda ya ƙirga. Ina duba abin da aka ce game da wurin zamansu, domin nan ake yawan yin yankan baya. Ina tambayar abin da zai faru washegarin ranar da sauyin ya fara aiki, kamar yadda ya kamata a tambaya a Wisconsin. Sannan in ga ko akwai hanyar taka birki da wuri idan lissafi ya kuskure, tunda kuskuren tsanantawa ana iya gyara shi baɗi, dabbar tana nan, kuskuren sassauci kuma wani lokaci babu abin da za a gyara a kansa.

A wannan zangon, da muka zo babin, na ƙara layi ɗaya a lissafin allo, saboda yarinyar nan da ta yi tambaya. Na ce su ɗauki 'yar giwar da aka haifa a ƙarshen 2017, watan da Sin ta rufe kasuwar haure. Ita ce farkon zuriyar da ta zo duniya bayan wannan sauyi. Suka lissafa: ba za ta haifi ɗanta na fari ba sai tsakanin 2029 da 2031. Ƙasashen CITES kuma suna zama kusan duk shekara uku, kuma kusan kowane zama sai an kawo batun haure. Na ce su ƙirga zama nawa za a yi, zaɓe nawa za a yi a ƙasashen da ke jefa ƙuri'a a can, kafin wannan 'yar giwa ta shayar da ɗa ko ɗaya. Ajin ya yi tsit suna ƙirgawa da yatsu.